Jawabin Taron Shekara: Allura da Lambu Gadonmu Ne

Jama'a 'yan'uwa mazauna birane,

Iyayenmu a Karaye da Rogo ba su san zaman banza ba daga kaka har bazara. Wasu su kama lambu, wasu su ɗauki allura da zare suna ɗinkin hula da surfani, fatake su kai Kasuwar Kurmi.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992 ruwan noman rani ya samu, amma matasanmu sai tafiya ci-rani, keke kuma ya danne aikin hannu.

Don haka muna roƙonku, ku sayi hular Sallah a gida, kowannenmu kuma ya ɗauki nauyin yaro guda ya koyi sana'ar.

Allah Ya yi mana jagora, amin.