Me Ya Kai Ɗalibi Koyon Maganin Ɓauna Da Zaki?

Jawabin wannan wata ga 'yan ajin yaƙi da jahilci

 

Kowa ya san likitan dabbobi. Shi ne mai yi wa shanu allura, mai duba akuya in ta ƙi cin abinci. To amma akwai ɗaliban da ke barin ƙasarsu, su tafi koyon maganin namun daji. Wani zai ce, ɓauna ba ta da mai ita, ina amfanin yi mata magani? Ku saurara ku ji.

A ƙasar Afirka ta Kudu, arewa da birnin Firitoriya, akwai babbar makarantar likitocin dabbobi a wani wuri da ake kira Onderstepoort. An fara koyarwa a can a 1920. Shugabanta na farko shi ne Arnold Theiler, mutumin ƙasar Suwizalan. Ya yi fama da cutar bushiya da ta shiga ƙasar a 1896. Wannan annoba ita ce ta riga ta share garkunan Fulani a ƙasar Hausa. A can ba shanu kaɗai ta kashe ba, har da ɓauna a daji.

Karatun likita a makarantar shekara 6 ne. Da dabbobin gida ake farawa: saniya, doki, tunkiya, kare da kaza. Daga baya mai sha'awa ya ƙara da ilmin namun daji.

A nan aiki yake sauya kama. Ba a kama ɓauna da igiya. Likita yakan harbe ta da wata bindiga mai jefa allura. Cikin 'yan mintoci sai ta kwanta. Nan da nan a rufe mata ido da ƙyalle don ta natsu. A ɗebi jininta, a duba numfashinta. Sannan a yi mata wata allurar ta farka, kowa ya ja da baya. Maganin nan yana da ƙarfi ƙwarai, kaɗan daga cikinsa na iya kashe mutum. Saboda haka ɗalibi ba ya taɓa shi sai malaminsa na tsaye.

Babban darasi yana gandun dajin Kuruga. Tsawon dajin ya kai wajen kilomita 350, ya fi nisan Kano zuwa Kaduna. Ɓaunan wurin suna ɗauke da ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke kira boru. Su ba ya cika kayar da su. Amma in suka haɗu da shanu a makiyaya ko mashaya, sai shanu su kamu. Haka kuma a 1990 an gano tarin fuka na shanu a jikin ɓaunan dajin. Daga shanu suka samo shi. Zakunan da suka ci namansu su ma suka kamu. Irin wannan tari yana kama mutum in ya sha madarar da ba a dafa ba.

Kun ga ke nan, cuta ba ta san iyakar daji da ruga ba. Mai duba lafiyar ɓauna, garken makiyayi yake tsaro. Da rigakafi da sa ido a kan shanu da namun daji aka ga bayan bushiya. A 2011 aka ba da sanarwar ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Don haka, makiyayi ya guji kai shanu cikin gandun daji irin na Yankari. Ya kai su allura in lokaci ya yi. A riƙa tafasa madara kafin a sha. Rigakafi ya fi magani.

Iyaye kuma, in yaro ko yarinya na son dabbobi, kada a cire su daga makaranta. Su dage da lissafi da kimiyya da Turanci. Ana koyar da likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Ibadan. Daga nan mai ƙoƙari yana iya neman ƙaro ilmi a waje, ya dawo ya amfani jama'arsa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin. Wassalam.