Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Ɗaukar Murya Da Hoto

A shekarar 1962, sa'ad da aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, in za a gyara magana sai a yanke zaren rikoda da reza, a liƙe. Yau kuwa yaro da wayar hannu yana yin wannan aiki, ba a ga tabo ba. Saboda haka wajibi ne Hakimi da malaminsa su san kalmomi huɗu.

Ta fari, fayil, watau abin da aka ɗauka aka ajiye cikin na'ura. Na murya galibi MP3 ne, na bidiyo MP4.

Ta biyu, ɗigo. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne. Bidiyo mai kyau yana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye.

Ta uku, matsewa. WhatsApp yakan rage nauyin hoto domin ya tafi da sauri, sai fuskoki su dushe.

Ta huɗu, tacewa, watau yankewa da haɗawa. A nan haɗarin yake. Hakimi ya ce wurin sulhu, "A sayar da gonar, in magada duka sun yarda." Maƙetaci ya datse ƙarshen, ya watsa farkon, gari ya ɗauka.

Don haka lalle malami ya adana ainihin ɗaukar kowane taro, ya rubuta rana da wuri da sunan mai ɗauka cikin littafi, kamar yadda yake adana rasit. Magana zarar bunu ce, amma ranar gardama ainihin ɗauka shi ne shaida.