Jawabi Kan Kai Yaro Wurin Dangi a Amurka

Tambayar da muka fi ji a zagayen da muke yi cikin ikkilisiyoyi ita ce: "Ƙanena yana Amurka, yana so ya ɗauki yarona ya riƙe. Yaya za a yi?" Bari mu faɗa muku gaskiya tun kafin wani ya sayar da gona.

A wurinmu ɗan wanka ɗanka ne, ba a ma tambaya. Dokar Amurka ba haka ta ɗauka ba. Wanda ya zama ɗan ƙasa a can yana iya cika takardar da ake kira I-130 domin matarsa ko mijinta da 'ya'yansa. In ya kai shekara 21, yana iya nema wa iyayensa da waɗanda suka haɗa uwa ko uba. Mai katin zama kawai kuwa, iyakarsa abokin aure da 'ya'yan da ba su yi aure ba. Ɗan wa, ɗan ƙane, jika, ɗan kawu, duk babu gurbinsu.

Akwai hanya ta zagaye: ya nema wa uban yaron ko uwarsa, yaron ya bi su. Amma layin 'yan'uwa yana cin fiye da shekara 15, kuma ana so yaron ya kasance bai kai 21 ba, bai yi aure ba. Yaro mai shekara goma yau, ku yi lissafin da kanku.

Sai batun riƙo. Riƙon da muke yi da baki a gaban dattawa ba ya aiki a can. Dole kotu ta mai da yaron ɗansa kafin ya cika shekara 16, kuma su zauna tare shekara biyu yana hannunsa bisa doka. Wanda ke zuwa gida Kirsimeti kaɗai ba zai cika wannan ba. Maraya yana da tasa hanyar dabam, mai tsananin bincike. Bizar karatu ma da iyaka: ba a ba da ita don firamaren gwamnati, sakandaren gwamnati kuwa wata 12 ne kawai, kuma sai an biya kuɗin duka.

A nan ne jaraba ke shigowa. Wani dillali zai ce a rubuta cewa kawun ne ya haifi yaron, a je wurin fasto a sake takardar baftisma. Muna roƙonku, kada ku sa bawan Allah ya sa hannu a kan ƙarya. Ofishin jakadancinsu a Legas, inda ake ganawar bizar ƙaura, yana iya neman gwajin DNA. In asiri ya tonu, ana iya hana mutum biza har ƙarshen ransa, shi kuma na can ya jefa nasa zaman cikin hatsari. Ko an tsallake ma, yaro zai girma a takarda ba ɗanku ba ne, ranar da ya so ya nema wa mahaifiyarsa ta ainihi ba shi da bakin magana.

Ku sani kuma, a Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da bizar ƙaura da ta ziyara da ta karatu ga 'yan Najeriya daga 1 ga Janairu 2026, ta kuma sa Nijar cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Saboda haka kada ku ba kowa ko kwabo sai na can ya tambayi lauya inda maganar ta kwana.

Kafin nan, a yi wa yaro takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunan iyayensa na gaskiya. Kawu kuma yana iya biya masa makaranta a nan. Wanda dillali ya riga ya ba shi takardu, ya kawo mu duba tare bayan sujada.