An Yi Wa Yaro Aikin Ƙwaƙwalwa, Sai Kuma Me? (Rubutaccen shirinmu na wannan mako)

Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwana na Ɗambatta da Makoɗa da Kazaure.

Yau magana ce a kan wani ƙari da ke fitowa a tantanin ƙwaƙwalwa. Kun san sanƙarau, ko? To wannan tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, wanda sanƙarau ke kamawa, a jikinsa ƙarin yake tsirowa. Likitoci suna ce masa meninjiyoma, sunan da likitan Amurka Harvey Cushing ya sa masa a 1922. A manya an fi ganinsa, musamman mata. A yara ba shi da yawa, amma idan ya zo sau tari sai ya girma kafin a gano.

Me ya sa? Saboda a hankali yake girma. Yaro zai riƙa tashi da ciwon kai da asuba, ga amai. Wani ganinsa ya fara raguwa, wani hannu da ƙafa na gefe ɗaya su yi rauni, wani kuma farfaɗiya. Mu a nan da an ga yaro ya faɗi yana kumfa, sai a ce iska ce. Addu'a kam a yi ta, amma a haɗa da asibiti. A fara da Babban Asibitin Ɗambatta, su tura ku Kano. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, haka ma Shika a Zariya da Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

To an yi aiki, yaro ya farfaɗo, an dawo gida, 'yan dubiya sun cika zaure. A nan yawancinmu muke cewa shi ke nan. Wallahi ba shi ke nan ba ne.

A 2011 mujallar Lancet Oncology ta buga wani nazari da ya haɗa bayanan yara da matasa 677 masu wannan ƙari. Abin da ya fi komai tasiri a kan makomar yaro shi ne: an cire ƙarin gaba ɗaya, ko an bar saura? Wanda aka cire masa duka ya fi daɗewa lafiya. Wanda aka bar masa saura, galibi don ƙarin ya manne wa babbar jijiya, nasa ya fi saurin dawowa, kuma akan so a sake shiga a ciro ragowar. Shawararsu ita ce a bibiyi yaro aƙalla shekara 10. Mai cutar gado da ake kira NF2, wadda ke sa ƙari ya fito a wurare da yawa, shi bibiyarsa har ƙarshen rayuwa ce.

Shekara goma fa! Yaron da aka yi wa aiki yana aji uku na firamare, sai ya gama sakandare ana duba shi.

Don haka iyaye, kafin a sallame ku, ku yi wa likita tambaya uku. Ɗaya, an cire duka ko da saura? Biyu, me gwajin naman ya nuna? Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ƙarin mataki uku: na ɗaya shi ne mai sauƙi, na uku daji ne. Uku, yaushe za a dawo a ɗauki hoton MRI? A rubuta amsar, a adana da katin asibiti inda ruwan damina ba zai taɓa ba.

Maganin farfaɗiya kuma kada a daina don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Mai rauni a kai shi gashin ƙashi. Idan karatunsa ya ja baya, a sanar da malamansa, kada a ce masa daƙiƙi.

Mu matasa, ina namu aikin? Gidan da ya sayar da gona ko shanun huɗa aka yi aiki, da me zai biya hoto na gaba? Ranar aiki kowa yana tura gudunmawa, bayan wata shida shiru. Ƙungiyoyinmu na unguwa su ɗauki yaro ɗaya: a riƙe ranar komawarsa, a tuna wa iyaye, a tara kuɗin mota da na hoto duk kaka bayan an sayar da amfani. Wanda ya saba da Kano ya raka su.

Idan kun san gidan da aka yi wa yaro irin wannan aiki, ku tambaya yau: yaushe rabonsa da asibiti?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, wassalamu alaikum.