Fuskar akwatin daidaita eriya: a ƙera ta don hannun da zai murɗa ta da dare

 Yau filin namu zai tsaya kan ɗan akwatin nan da masu gyaran rediyo ke haɗawa da hannu, wanda ake sawa tsakanin rediyo da wayar eriya.

Kowa ya san halin FM: da ka yi nisa da gari sai ya bar ka da shuuu. Gajeren zango ne abokin mutumin daji, don shi yana tashi sama ya dawo ƙasa can nesa. Dattawa za su tuna Kaduna a kan 6090 cikin mita 49, da Muryar Sahel a kan 9705 cikin mita 31. Idan ka jefa waya mai tsawon mita 15 ko 20 bisa gawo, ta fi ɗan sandan rediyo kamu nesa ba kusa ba. Sai dai waya ɗaya ba ta dacewa da kowace tasha. Wayar da ta yi daidai da mita 41 tana kai tsawon mita 20, wadda ta yi daidai da mita 19 kuwa ba ta cika 10 ba. Ba wanda zai riƙa yanke waya yana ƙullawa safe da yamma. Aikin akwatin ke nan: koyil da kondansar da ke cikinsa su sasanta waya da rediyo ba tare da an taɓa tsawonta ba.

To, ba cikin akwatin ne damuwarmu yau ba, fuskarsa ce. Mai haɗawa yana zaune a shago da rana tsaka, ga tebur, ga haske. Mai amfani kuwa yana tsugune bayan isha'i, tocila ta yi sanyi, hannu ɗaya riƙe da kofin shayi. Akwati da yawa cikinsu lafiya lau, amma an jefar da su cikin buhu don mai su ya rasa wanne zai murɗa.

A fara da yawan abin murɗawa. Akwai haɗi mai koyil ɗaya da kondansa ɗaya, mamurɗi biyu ke nan. Akwai mai kondansa biyu da koyil a tsakiya, mamurɗi uku. A ganina mai saurare kawai ya tsaya kan biyu. Na ukun nan, duk sanda ka taɓa shi sai ka koma ka gyara sauran, kafin ka gama an karanta kanun labarai an wuce.

Biyun kuma kada su yi kama da juna. Na koyil makunni ne mai matakai, galibi 12, kowane mataki yana cewa ƙas. A sa masa kai mai tsini kamar bakin kaza, yadda yatsa zai san inda ya nufa, kunne kuma ya ƙirga: ƙas uku daga hagu. Na kondansa ya zama da'ira babba, faɗin santimita 4 ko 5. Dalili, kondansa rabin zagaye kaɗai take yi, kuma wurin da murya ke fitowa tas wani lokaci bai fi kaurin tsinke ba. Ƙaramin kai yana tsallake wurin, babba yana bin sa a hankali. Wanda ya samu giyar rage gudu mai shida-da-ɗaya ya huta, don sai ya juya sau uku cur kafin kondansa ta gama rabin zagayenta. In babu, tsohuwar rediyon da ta mutu tana da ɗan gargare da zare masu wannan aikin, kuma daga cikinta ake ciro kondansar mai faifan ƙarfe tun farko. A bar tazarar yatsu uku tsakanin mamurɗan, kuma duka su bi ƙa'ida guda: dama ƙari, hagu ragi.

Sai lambobi. A zana 0 zuwa 10 kewaye da babban mamurɗin, 10 ta faɗo daidai inda faifan suka shige juna gaba ɗaya. Kada a rubuta da biro ko a liƙa takarda, rana da gumi za su cinye kafin damina. A karce da tsinin wuƙa, a cika da farin fenti, a buga ƴar ƙusa a kan 0 don a lalubo ta cikin duhu.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne katin tuni. Da zarar ka samu inda tasha ta fito, ka rubuta: mita 31, ƙas biyar, lamba bakwai. Gobe ba sai ka yi lalube ba. Wani zai ce ai shi bai yi boko ba. To a rubuta da ajami, ko a bar rubutun ma gaba ɗaya. Mutumin da ke gane saniyarsa cikin garke ɗari da tsagar kunne ba zai kasa gane ɗigon fenti ba. Ɗigo ja a kan makunni da ɗigo ja a kan kondansa, tashar safe ke nan. Fari da fari ta rana, shuɗi da shuɗi ta dare. Yaro ma zai iya, uwargida ma za ta iya ranar da maigida ya tafi kasuwar Maigatari. Za ku lura ɗigon rana da na dare ba sa zama wuri ɗaya, domin da rana mita 19 da 16 ke tafiya, da dare kuma 49 da 41. Amma fa alamar tana aiki ne muddin wayar ita ce dai ta jiya. In an yi ƙaura, itace ya canja, ko ƙasa ta jiƙe, za ta ɗan goce. Ka fara daga ɗigon, ka matsa kaɗan har shuuu ɗin ya fi ƙarfi.

A gefe guda, nesa da waɗannan biyun, a sa ƙaramin makunni mai zama uku: ta cikin akwati, kai tsaye zuwa rediyo, da kuma zuwa ƙasa. Na tsakiyar zai gaya maka ko akwatin na ƙara wani abu. Na ƙasa kuwa saboda hunturu ne, don ƙurar da iska ke kaɗawa tana tara wuta a doguwar waya har ta ɗana yatsa ko ta lalata rediyo. Tsawa dai ba ruwanta da makunni. Hadari ya taso, a cire wayar ɗungurungum a jefa ta nesa da bukka.

Ramin da sandar mamurɗi ke fitowa nan ƙura ke shiga, a toshe da woshar fata ko ta tsohon tif. In ka ga murya na gudu da zarar ka ɗauke hannu, jikinka ne ke shafar kondansa; a ƙara wa sandar guntun roba don hannu ya yi nisa da ita.

Duk wannan na masu saurare ne. Masu aika magana ta iska don sha'awa, su lasisi gare su da lambar kira: ta Nijar na farawa da 5U, Najeriya 5N, Kamaru TJ, Cadi TT. Nasu akwatin yana buƙatar agogo mai allura da ke nuna ƙarfin da ke dawowa daga eriya, a kafa shi sama da mamurɗai don kada hannu ya rufe shi. Sandunan kondansa dole a raba su da hannu da roba, in ba haka ba ɗan notin da ke riƙe kan mamurɗi zai ƙona yatsa. Ana daidaitawa da ƙaramin ƙarfi, wat 5 ko 10, kuma ba a juya makunnin koyil ana cikin aikawa, sai ya yi tartsatsi ya ƙone.

Ku da ke tsallaka iyaka, kun san yadda zamani ya zama. Akwati mai mamurɗai da doguwar waya a cikin kaya yana iya jawo tambayoyi a shinge. Don haka a rubuta a fuskarsa ɓaro-ɓaro, da Hausa da Faransanci ko Turanci, cewa na saurare ne kawai. Murfin kuma a ɗaure shi da noti biyu da hannu ke kwancewa, yadda jami'i zai leƙa ya ga babu batir, babu makirfo, koyil ne da kondansa. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.