Amfanin Binciken Nukiliya ga Masana'antunmu

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ga ya dace a ba ni wannan dama. Ba ƙaramin nauyi ba ne ɗalibi ya miƙe yana jawabi alhali waɗanda suka koya masa riƙon alƙalami suna zaune suna saurare, don haka ina neman izinin malamanmu kafin in ci gaba. An umarce ni in yi bayani a kan binciken nukiliya da amfaninsa ga masana'antu, saboda na karanta Fiziks a jami'a, kuma aikina a ma'aikatar gwamnati ya shafi takardun da ke kai-da-kawo tsakanin cibiyoyin bincike da masu masana'antu.

Jama'a, da zarar an ambaci nukiliya, abu biyu ke faɗo wa mutum a rai: ko dai bama-baman da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945, ko kuwa tashar lantarki wadda za ta raba mu da ɗauke wuta. Amma akwai fuska ta uku wadda ba a cika maganarta ba, ga shi kuwa ita ce muke da ita a hannu yau. Wannan fuska ita ce amfani da ilmin nukiliya wajen awo da duba cikin abin da ido ba ya iya gani. Abin da nake so in nuna shi ne, ƙasar nan ta mallaki kayan wannan aiki da masanansa, abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su sada masanin da mai masana'anta. Irin waɗannan mutane kuwa suna zaune a cikin wannan ɗaki.

Bari mu fara da Zariya. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai tukunyar nukiliya ta bincike, wadda ita ce ta farko a Nijeriya. Ƙirar ƙasar Sin ce, an same ta da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ta kuma fara aiki ranar 3 ga Fabrairu, 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, wato zafin da take bayarwa bai wuce na dutsen guga na lantarki guda talatin ba, kuma ba ta ba da wuta ko ta ƙwai ɗaya. Zuciyarta, inda man yuraniyom yake, ba ta kai girman bokiti ba, tana nutse can cikin ruwa mai zurfi. An ƙera ta yadda in ruwan ya ɗau zafi, aikinta yakan lafa da kansa. Ƙasar Gana ta riga mu samun irinta tun 1994.

To, me take yi? Yayin da ƙwayoyin zarra na yuraniyom ke tsagewa, sukan fitar da wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira niyutiron, waɗannan su ake buƙata. Akan ɗebi ɗan garin dutse ko ƙasa ko takin zamani, a ɗura a 'yar kwalbar roba, iska ta tura ta cikin bututu zuwa kusa da zuciyar tukunyar. In niyutiron suka doki garin, kowane sinadari da ke ciki sai ya riƙa fitar da wani haske marar ganuwa, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ana ce masa hasken gamma. Hasken zinariya daban, na ƙarfe daban, na gubar asanik daban, kamar yadda zanen yatsun mutane ya bambanta. Na'ura takan karanta, ta faɗi abin da ke ciki da yawansa, ko da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba. Ku duba amfanin wannan ga mai haƙar ma'adinai da ke son sanin darajar dutsensa kafin dillali ya yi masa wayo, ko ga jami'in gona da ke son tabbatar da cewa abin da aka rubuta a jikin buhun taki shi ne a ciki.

Akwai wani aiki da aka yi a kan tukunyar nan wanda ya cancanci yabo. Man da ta zo da shi an tace shi har kashi 90 cikin 100, irin wanda duniya ke tsoron ya faɗa hannun masu neman haɗa makami. A 2018 masananmu, tare da takwarorinsu na waje, suka musanya shi da mai kashi 13 cikin 100, aka mayar da tsohon ƙasar Sin a watan Disamba na shekarar, tukunyar kuma ta ci gaba da aikinta. An yi shekaru ana lissafi da gwaji kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya.

Yanzu sai mu shiga masana'anta. Zan kawo misalai uku.

Misali na farko shi ne walda. Bututun iskar gas da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, tsawonsa kilomita 614 ne. In muka ɗauka kowane gutsuren bututu mita 12 ne, lissafin da malamanmu suka koya mana zai ba mu mahaɗa sama da dubu hamsin. Mahaɗa ɗaya tak mai ɓoyayyen tsagu ta isa ta jawo gobarar da za ta cinye ƙauye. Ɗaya daga cikin hanyoyin duba irin wannan walda ita ce a sa ɗan ƙwayar sinadarin iridiyom-192 a gefe guda, a naɗa fim a ɗaya gefen. Hasken gamma ya ratsa ƙarfen, inda duk akwai rami ko tsagu sai ya fito baƙi a hoton, tamkar karayar ƙashi.

Misali na biyu shi ne hasumiyar tace mai, irin dogayen nan da matafiyi ke hangowa a matatar Kaduna. A cikin kowace akwai faranta jere hawa-hawa, inda ɗanyen mai ke rabuwa ya zama fetur da kananzir da man dizal. In faranti ɗaya ya karye ko ya toshe, mai sai ya fito ba kyau, injiniya kuwa ba shi da ikon leƙawa sai an kashe na'ura, an jira ta huce, an kwance ta, kowace rana ana tafka asara. Masu bincike sun fito da dabara: a rataya ƙwayar kobal-60 a gefe guda na hasumiyar, na'urar karatu a ɗaya gefen, a riƙa saukar da su tare daga sama har ƙasa. Inda hasken ya wuce da yawa ko ya ragu fiye da ƙima, nan matsalar take. Ana yin wannan hasumiya tana cikin aikinta, don haka ranar da za a kwance ta an riga an san farantin da za a nufa da kayan gyaran da za a tanada.

Misali na uku ya fi kusa da mu. Yawancinmu mun sha ganin ma'aikatan hanya sun ajiye wani ɗan akwati a kan ƙasar da aka daddaɓe kafin a zuba kwalta. A cikinsa akwai ƙwayar siziyom-137, yana auna ko ƙasar ta daddaɓu yadda ya kamata. In an yi awon da gaskiya aka kuma bi abin da ya nuna, hanya ba za ta lotsa a damina ta farko ba. Haka nan a manyan masana'antun siminti na zamani, akan kafa na'ura mai amfani da niyutiron a kan bel ɗin da ke jan dutse, tana faɗin haɗin sinadaransa minti bayan minti, don a daidaita kwaɓin tun kafin ya shiga wuta.

Manoman cikinmu kada su ce an manta da su. A Sheda, kusa da Abuja, an buɗe wata cibiya a 2006 wadda aka gina don haska amfanin gona da kayan asibiti da hasken kobal-60. Hasken yakan kashe ƙwaron wake har da ƙwansa, ya kuma hana albasa da doya da dankali tsiro a rumbu. Abincin da aka haska ba ya ɗaukar hasken, kamar yadda wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa ba ya komawa gida da shi. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wanda Turawa suka ƙi, irinsa ne ake dafa wa 'ya'yanmu. Ga kuma manomin albasa na Aliero da ke sayarwa da arha lokacin kaka don tsoron ruɓewa. Waɗannan matsaloli ne da bincike ya riga ya samo musu hanya.

'Yan'uwa, ba zan ɓoye muku haɗarin abin ba. Ƙwayoyin nan ba a kashe su kamar fitila. Ƙarfin iridiyom-192 yakan ragu da rabi duk kwana 74, na kobal-60 duk shekara biyar da 'yan watanni, na siziyom-137 kuwa sai bayan shekara 30. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibiti da aka bari kango, suka ɗauko kan wata na'urar maganin ciwon daji, suka fasa, suka sayar wa mai sayen gwangwan. A ciki akwai garin siziyom mai walƙiya shuɗi da daddare. Mutane suka yi ta sha'awa, suna rarraba wa dangi. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida, aka sami garin a jikin mutum 249 ko tufafinsu, aka kuma auna mutum wajen 112,000. Babu ɗan ta'adda a cikin wannan labari. An tashi daga gini ne aka bar na'ura a baya, ba wanda ya ɗauki nauyinta.

Duk wanda ya san yawan masana'antun da suka rufe a Kakuri da Bompai da Sharaɗa, ya kuma san yadda sana'ar gwangwan ta bunƙasa a garuruwanmu, ya san dalilin da ya sa na kawo wannan labari. Dokar 1995 ta kafa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisi, ita ke riƙe da rajistar irin waɗannan ƙwayoyi. Amma rajista ba ta cika kanta. Akawu ne zai rubuta, ma'ajin sito ne zai ƙirga, jami'in kwastan ne zai tambayi takarda. Wanda duk ya ga ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, da alamar fuka-fuki uku kamar na fanka a kan launin rawaya, kada ya taɓa, kada ya bari a fasa, ya nisanta mutane ya kai rahoto.

Na san wasu za su tambaya, ina maganar lantarki? Tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu tana ba da wuta tun 1984, Masar ta fara gina tata a El Dabaa a 2022, maƙwabtanmu na Nijar kuma suna haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. Ba laifi ba ne mu ma mu yi buri. Sai dai ƙasar da za ta riƙe babbar tasha tana buƙatar dubban masu walda da aka jarraba, da masu duba aiki waɗanda ba a sayen sa hannunsu, da al'adar gyara abu kafin ya lalace. A kan ƙananan ayyukan da na lissafa ake koyon wannan tarbiyya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A wurin aikina nakan ga rahoton bincike mai kyau yana kwance a fayil, a tebur na gaba kuma ga takardar wani kamfani yana neman izinin ɗauko ƙwararre daga waje, a biya shi da dala, don ya yi irin wannan awon. Masanin bai san kamfanin ba, kamfanin bai san masanin ba. Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku.

Na ɗaya, waɗanda Allah ya ba riƙon masana'anta ko kwangila ko haƙar ma'adinai a cikinmu, kafin ku aika da samfur ƙetare, ku fara rubuta wa cibiyoyinmu, na Zariya ko na Ile-Ife ko na Sheda, ku ji abin da za su iya, ku kuma biya kuɗin aikin. Cibiyar da ake kai wa aiki ita ce ke samun abin gyaran na'urorinta.

Na biyu, mu da muke ofisoshin gwamnati, in takardar kuɗin gyaran na'urar bincike ta zo gabanmu, kada mu bar ta ta kwana. Na'urar karanta hasken gamma tana buƙatar ruwan naitirojin mai tsananin sanyi a kai a kai don ta yi aiki. Jinkirin wata guda a teburinmu yana iya zama wata guda da masani zai zauna hannu rabbana.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne ɗakin gwaje-gwaje na wannan makaranta tamu. Duk masanin da ke kula da tukunyar Zariya ya fara ne da ma'auni da batir da waya a gaban malamin sakandare. Ina ba da shawara kwamiti ya zauna da malaman kimiyya su rubuta abin da ya ɓace ko ya lalace, kowane aji na tsofaffin ɗalibai ya ɗauki nauyin wani sashe. Haka kuma ƙungiya ta nemi izini a hukumance, ta ɗauki nauyin mota da guzuri, a kai 'yan ajin ƙarshe Zariya sau ɗaya a shekara, domin gani ya kori ji. Ni da abokan ajinmu a shirye muke mu fara.

Daga ƙarshe ina sake gode wa malamanmu bisa haƙurin da suka yi da mu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.