Wahala da Hanyar Kuɓuta a Koyarwar Buddha

Abin da za a duba a wannan lacca shi ne koyarwar wani mutum da ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, watau Siddhartha Gautama, wanda mabiyansa suke kira Buddha, ma'ana wanda ya farka. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, a gidan sarautar kabilar Sakya. Bisa ga ruwayar mabiyansa, ya bar gida yana da shekara 29, ya yi shekara 6 yana azabtar da jikinsa da yunwa, har ya gane wannan ba ta fisshe shi ba. Bayan farkawarsa a Bodh Gaya sai ya nufi Sarnath, kusa da Banaras, inda ya yi wa mutum biyar wa'azinsa na farko a kan gaskiya huɗu.

Ta farko ita ce dukkha, kalmar harshen Pali wadda akan fassara da wahala. Fassarar ta gaza. Ga Bahaushe wahala tana da ranar zuwa da ranar tafiya, ciwo ne ko talauci ko fari. Dukkha kuwa ta haɗa har da daɗi, domin daɗin ba ya zama, mai shi kuma yana cikin fargabar rabuwa da shi tun yana hannunsa. Manomin Dosara da ya cika rumbu da gero, ya kwana yana tunanin gara da ɓarawo da damina mai zuwa, yana cikin dukkha ko da maƙwabta suna yi masa barka.

Ta biyu ita ce musabbabinta, tanha, wadda ainihin ma'anarta ƙishirwa. A nan Hausa ta yi sa'a, don kuwa ƙishirwa ta fi kwaɗayi dacewa: ana sha ta kwanta, an jima ta taso. Ta uku ita ce yankewar wannan ƙishirwa, nibbana, watau mutuwar wuta idan makamashi ya ƙare, wutar kuwa ita ce haɗama da ƙiyayya da ruɗu. Ta huɗu hanya ce mai rassa takwas, waɗanda akan dunƙule su gida uku: kyautata ɗabi'a a magana da aiki da sana'a, horar da zuciya ta natsu, da kuma hikima.

Wanda ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi zai ce ai wannan ba baƙon zance ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a Zamfara a ƙarshen ƙarni na 18, ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun, kuma shi da ɗan'uwansa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun yawaita gargaɗi a kan ruɗin duniya. To, amma kamar ta tsaya a bakin ƙofa ne. Mai zuhudu yana gudun duniya domin Ubangijin da ya halicce shi, yana tsoron hisabi, yana fatan aljanna. Buddha bai kafa koyarwarsa a kan Mahalicci ba, har ya musanta cewa akwai rai tabbatacce a cikin mutum. Abin da yake neman kuɓuta daga gare shi shi ne sake haihuwa bayan mutuwa, zagaye bayan zagaye. Mai fassarar da ya sa aljanna a gurbin nibbana ya ci amanar addinai biyu a lokaci ɗaya.

Saura tambaya mai nauyi. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, ruwa ya ci gonaki, manoma suka tashi neman diyya, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da dama. Shin za a dubi wanda ya rasa gona da ɗa a ce masa ƙishirwar zuciyarsa ce ta jawo? Littattafan Pali suna da amsa, misalin mutumin da aka harba da kibiya biyu: ta farko zafin da ya same shi daga waje, ta biyu wadda yake soka wa kansa da baƙin ciki da ƙullata. Ta biyun ce koyarwar ta yi alkawarin cirewa. Lalle amsa ce mai zurfi, sai dai ba ta tuhumi maharbin ba.

Dokta Ambedkar, jagoran tsara tsarin mulkin Indiya, wanda ya fito daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya lura da wannan giɓi. Ran 14 ga Oktoba 1956 ya shiga addinin Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mutanensa. Amma a littafinsa da aka buga a 1957, bayan rasuwarsa, ya yi shakkar ko gaskiya huɗun nan daga bakin Buddha suka fito, ya karkatar da nauyin koyarwar zuwa ga wahalar da mutum yake ɗora wa ɗan'uwansa.